Yaya Hajo da Tiyon Hayaƙi

Ku da kunka san Yaya Hajo a Garhanga kun san ba ta ɗora tukunya sai ta ja ƙyaure. In ka leƙa ɗakin murhunta ba ka ganin mutum, tari kawai za ka ji. Ni ƙanwarta ce, ciki guda, amma in na buɗe sai ta ce, "Ke Auta, ruhe, kina zubar min da hayaƙi."

Tana da hujjarta. Irin hatsinta na rataye bisa murhu, ƙwaro bai taɓa shi. Itacen ruhin ɗakin ya yi baƙi ƙirin, gara ba ta kusantar shi. Shekarar da irin mutane ya lalace, wurinta anka zo roƙo, har daga Buza. Tun daga nan ba mai gaya mata magana.

Tarin ne ya ƙi ƙarewa. Ɗanta Isuhu, mai gyaran mota a Madawa, ya kai ta likita a Keita. Lokotoro ya saurari bayanta, yac ce, "Inna, ƙirjinki ya koma gindin tukunya. In ba ki rabu da hayaƙi ba, shi za ya kai ki."

Tac ce, "To madalla. Ko an binne ni, gara ba ta ci na."

Ni na yi dariya. Isuhu bai yi ba.

Sai ya shiga neman abin nan da mutanen birni ka kihewa bisa murhu, mai kama da ƙaton mazurari, shi zuƙe hayaƙi shi hid da shi waje. Na kanti sai da kuran, wato wutar lantarki, mu kuwa ba mu da kuran, don haka maƙeri ya ƙera mai da tol, kwanon ruhi. Anka ce Yaya ta zaɓi tiyo, bututun da hayaƙin za ya bi, ta nuna wanda ya hi tsawo. Da na ga ta yarda ba gardama, gabana ya hwaɗi.

Isuhu na komawa Madawa ta kira maƙerin, ta sa shi ya lanƙwasa tiyon ya cusa bakinshi cikin rumbu.

Nac ce, "Yaya, sama anka ce shi nuhwa."

"Hayaƙi mai kyau haka in ba sama? Mi sama ta noma?"

Da hantsi rumbu ya kama turnuƙewa. Unguwa ta ɗauka gobara ce, mata sunka sheƙo da tuluna, sunka jiƙe damman hatsi sharkaf. Yaya na tsaye da muciya tana tambaya, "Wa ya aike ku?" Rabin hatsin nan ruɓewa ya yi.

Isuhu ya dawo, ya miƙe tiyon da hannunshi ya huda ruhi, ya durƙusa gabanta. "Inna, don girman Allah ki bar shi haka."

Tac ce, "Na ji, ɗan nan."

Ƙurar motarshi ba ta kwanta ba ta cusa tsumma cikin tiyon. In cire, ta mayar. In aika ma Isuhu, shi zo shi cire, ta mayar. Har ƙarƙashin mazurarin ta ɗaura igiya tana shanya kuɓewa.

Da damina ta kasa tashi. Munka hid da ita tsakar gida ta sha iska, numhwashinta na ƙara kamar ana tsaga kara. Ta ja, ta ja, ta dube ni tac ce, "Auta, iskan nan naku ba gishiri." Ba ta ga girbi ba.

Ranar sadakar uku ni na hura murhunta. Na zare tsumman, hayaƙi ya bi tiyo ya tahi tsaye, ɗaki ya yi wasai. Ashe abin na aiki, jama'a, aiki ƙwarai. Ina ganin bango, ina ganin huskar kowace mace da ke taya ni. Hawaye sunka zubo min, ba ko hayaƙin da zan laɓe bayanshi.

Allah Ka jiƙan Hajo, Ka yahe mata taurin kai. Ka buɗe mata kabarinta, Ka ba ta numhwashin da ta rasa nan.