Ganuwar Turawan Fotugal a Bakin Kogin Kasheu

Shekarar da aka yi wa yayana haihuwar fari, Baba ya ce sai ya je ya ga jikansa da idonsa. Yayan nawa ya daɗe da barin Diffa, yana kasuwanci a Bisau, can ya auri wata Bafulatana 'yar ƙasar. Baba kuwa manomin tattasai ne a bakin kogin Komadugu, iyakar tafiyarsa Damagaram. Da yake ni ce mai koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, na iya cika takardu, aka ce in raka shi.

Bayan kwana biyar da saukarmu, matar yayana ta ga Baba ya gaji da zaman tsakar gida. Ta ce za ta kai mu Kasheu, garin da ta yi ƙuruciya, mu ga kogi da tsohuwar ganuwar Turawan Fotugal. Da Fulatanci suke magana da Baba, nata na can, nasa na kasuwar dabbobi, amma suna fahimtar juna.

Muka isa da hantsi. Baba ya sauka daga mota ya tsaya cik. Kogin da ya sani, in rani ya yi nisa mutum ya naɗe wando ya haye shi. Wannan kuwa, gaɓar can ƙetare sai ka ƙura ido za ka hango ta, itatuwa na tsaye a cikin ruwa da saiwoyinsu a waje. Ya gangara ya ɗebi ruwan da tafin hannu ya kai baki, ya tofar.

"Gishiri! Da me suke ban-ruwa a nan?"

Matar yayana ta yi dariya. "Teku ce ke shigowa, Baba. Yanzu haurowa ruwan yake yi. Anjima zai juya ya koma."

Baba ya dube ta. Na san bai yarda ba.

Ganuwar na bakin ruwan. Na zaci wani ƙaton abu zan gani, sai ga shi filinta bai kai na lakwal ɗinmu ba. Amma da muka shiga, na ga ba abin rainawa ba ce. Bango ne na dutse mai kauri, ga igwa jere a kansa sun yi tsatsa, kowace ta sa baki wajen kogi. A tsakar filin an tara manyan mutum-mutumi na ƙarfe, na Turawan da suka yi mulki. Wani ba hannu, wani an raba shi biyu, ƙirjin a nan ƙafafun a can. Wata akuya na kwance a inuwar ɗaya daga cikinsu tana tuƙa.

Mai gadin wurin, wani dattijo siriri, ya zo yana yi mana bayani da yarensu, matar yayana tana fassara. Ya ce tun kafin kakannin kakanninsa Turawan suka gina wurin, don su tsare bakin kogin kada wasu Turawa su ƙwace musu ciniki. Baba ya tambayi abin da ake saye. Dattijon ya lissafa kakin zuma da hauren giwa, sannan ya nuna ƙirjinsa, ya nuna namu.

"Mutane," in ji matar yayana. "Daga cikin ƙasa ake gangaro da su a kwalekwale. Daga nan sai jirgin ruwa."

"Suna dawowa?" in ji Baba.

Dattijon bai jira fassara ba, ya girgiza kai.

Baba ya hau kan bangon da ƙyar, ina riƙe da hannunsa. Ya dafa wata igwa, ya shafa ta tun daga gindi har baki, ya gwada kaurin bangon da kamu. Sai ya zauna yana kallon ruwan. Mun fi awa a haka. Can na ji ya ce, "La'ilaha illallahu." Wani reshe da ya wuce mu ɗazu yana yin sama, ga shi yana dawowa. Kwalekwalen da ke ɗaure duk sun juya hanci. Kogin gaba ɗayansa ya kama hanyar teku, ba iska, ba ƙara.

"To haka yake tafiya da su ke nan," in ji Baba.

Ya kira ni kusa, ya koma yi mini Barbarci, ƙasa-ƙasa. Ya ce kakarsa, wadda ta haifi mahaifinsa, ba 'yar kwarinmu ba ce. Tana ƙarama aka kamo ta daga kudu cikin ayarin da zai haye hamada. Ƙafarta ta kumbura a hanya, aka bar ta a garinmu a bakin buhun gero. Sauran suka wuce arewa. Shekarata talatin da wani abu a lokacin, ban taɓa jin wannan magana a gidanmu ba.

Matar yayana ta ga fuskata, ta tambayi abin da ya faru. Baba da kansa ya maimaita mata. Ta ce, "Mene ne sunanta, Baba?"

"Wanda aka sa mata a wurinmu kaɗai muka sani. Na gidansu ita ma ta manta."

Ya ɗaga hannu, muka ɗaga, ya yi fatiha mai tsawo. Dattijon ba Musulmi ba ne, amma ya cire hularsa ya tsaya har muka shafa. Sannan ya raka mu har ƙofa, ya nuna mana rumfar da ake sayar da gasasshen kifi, don azahar ta wuce ba mu ci komai ba.