Battar da Dawuda Bai Buɗe Ba

Duk wanda ya taɓa sayen carbi a unguwar Jarwal ta Makka kafin otal-otal su cinye layin, da wuya bai sha bakin Dawuda ba. Gajere ne mai tumbi, kamar tulun da aka ɗora wa hula. Haifaffen Makka ne, jikan wani mutumin Haɗeja da ya taho aikin hajji a ƙasa, ƙafafun suka ƙi komawa. Hausa a bakinsa, Larabci a bakinsa, har da gutsuren Turkanci daidai na cin kasuwa. In alhaji ya yi masa tayin wulaƙanci sai ya ce, "Ya hajj, wannan ai kuɗin zaren ne. In ba ka zaren ka riƙa ja da niyya?" Alhaji ya fashe da dariya, ya sayi biyu.

Da layin ya tashi, ya mayar da shagonsa Aziziyya, gida kuwa yana nan unguwar Mansur, hawa na uku, saman wani mai gasa tsire. A nan yake da matarsa Maryama da 'yarsu guda, Haifa, wadda Hausarta ba ta wuce ta gaisuwa da ta neman abinci ba.

Duk Makka mutum ɗaya ce barkwancin Dawuda bai taɓa kayarwa ba, ita ce Maryama. Ya yi ya yi, iyakarta ta ja mayafi ta rufe baki ta ce, "Allah ya shirye ka, Abu Haifa." Shi kuwa yakan gaya wa maƙwabta cewa carbi sana'ar wucin gadi ce, ainihin aikinsa a duniya shi ne ya ga haƙoran matar nan.

Kayan shagonsa daga Jidda yake saro su, wajen wani tsoho mutumin ƙasar Sin mai sito, Lawo Gao, wanda Dawuda ya raɗa wa Malam Gawo. Mutumin ba Musulmi ba ne, bai taɓa taka Makka ba, amma rabin dardumar da ake sallah a kanta a Aziziyya ta hannunsa ta biyo. Suna hira da karyayyen Larabci da nunin hannu, suna shan shayin da Dawuda ke kira ruwan wankin ganye.

A can ƙuryar siton, bayan kwalaye, Malam Gawo yana da wata 'yar batta ta katako mai murfi. Cikinta ƙwayoyi uku ne irin na ludo, waɗanda 'yan Makka ke ce wa zahar, sai dai biyu daga ciki fuska takwas-takwas gare su. Maimakon ɗige-ɗige, 'yan layuka ne a jikinsu, wasu a miƙe, wasu a katse. In abu ya shige masa duhu, ya saro kaya ko kada ya saro, sai ya leƙa ya ga ba kowa, ya riƙe tambayar a zuci, ya girgiza battar, ya buɗe, ya karanta layukan da suka kalli sama. Haka kakanninsa ke duba a ƙasarsu. Doka ɗaya ce: tambaya ɗaya, girgiza ɗaya. Ba a maimaitawa don amsar ba ta yi daɗi ba.

Ranar da Dawuda ya fara kama shi yana yi, har ƙasa ya zauna don dariya.

"Malam Gawo, ashe boka ne kai! Tambaye su mana yaushe gashin kanka zai dawo."

"Kai baki yawa," in ji tsohon.

"To tambaye su ko shayin nan zai taɓa yin daɗi."

Shekara da shekaru yana tsokanarsa, har wata rana Malam Gawo ya gaji, ya cusa masa battar cikin kwalin carbi, ya ce yana da wata. "Ranar da bakinka ya ƙare, ka zo da ita." Dawuda ya kawo ta shago ya jefa bayan kwalaben turare. Bai yarda da ita ko na ƙwayar zarra ba. Mutumin da ke jin kiran sallar Harami daga tagarsa ya san hukuncin mai zuwa wajen ɗan duba tun yana allo.

Sai ƙodar Maryama ta fara gazawa.

Aka shiga zaryar wankin ƙoda. Dawuda ne mai rakiya, shi ne kuma mai damun ɗakin, har ma'aikatan jinya suka riƙa tambayar ina Ammu Dawuda, wato Kawu Dawuda, in ya makara. Yakan zauna gefen injin ya ce masa, "Ka wanke da kyau, ka ji, amma ka bar mata faɗan, da shi na saba." Ita kuwa tana ta ƙanƙancewa, awarwaron hannunta ya koma yana zamewa har gwiwar hannu.

Da aka kwantar da ita gaba ɗaya, wata la'asar ta kama bakin rigarsa.

"Abu Haifa, abu ɗaya nake so."

"In dai ba kishiya za ki yi mini ba, na yarda."

"Ka bar wasa. In lokacin ya zo, ina so kana kusa. Kai za ka laƙƙana mini kalmar shahada. Yarinyar nan za ta rikice."

"Wane lokaci? Ke da za ki binne ni ki sayar da shagon ki sayi gwal?"

"Ka yi alkawari."

Ya duba fuskarta, ya ga ba wurin zillewa. Ya ce, "Na yi."

Daga nan ya daina zuwa shago. Abin da ya fi cin sa shi ne rashin sani. Ya tambayi likita, likita ya ce, "Allahu karim." Ya tambayi na biyu, ya ce a yawaita addu'a. Yau Maryama ta sha ɗan kunu har ta yi masa faɗa kan hularsa, gobe ba ta gane kowa. Mutumin da bai taɓa rasa amsa ba tun yana yaro, ga shi yana yawo a baranda da tambaya guda ba mai ba shi ko rabin amsa.

Wata safiya Maryama na barci, numfashinta a kwance lafiya, ya ce wa Haifa zai leƙa shago ya ɗauko turaren da uwarta ke so. Da gaske turaren ya je ɗauka. Yana janye kwalbar, sai ga battar a bayanta, ƙura ta lulluɓe ta.

Ya ja ƙofar shagon ƙasa. Ya ɗauki battar, ya ce a'uzubillahi, ya ajiye ta. Ya sake ɗauka. Kafin ya gama gardama da kansa, tambayar ta riga ta zauna a ƙirjinsa, za ta tashi ko ba za ta tashi ba, hannunsa kuma ya riga ya girgiza. Ƙwayoyin suka yi ƙaras-ƙaras, suka yi shiru.

Bai buɗe ba. Ko ya buɗe bai iya karanta layukan ba. Sannan ga wata fatawa da ya yanka wa kansa nan take, irin ta mai saurin baki: shi bai duba ba, girgizawa kawai ya yi. In Malam Gawo ya buɗe ya gani, ai idon Malam Gawo ne. Jidda kuma nan da nan ce, kafin ta farka ya dawo.

Haka ya shiga motar haya da batta a tafin hannu biyu, a daidaice, kada ta karkata amsar ta juye. Duk inda direba ya taka burki sai ya ɗaga ta sama kamar mai ɗauke da kwanon miya a taro.

"Ya ammi, mene ne a ciki?" in ji direban.

"Ƙwan tsuntsu. Tafi a hankali, uwarsa na asibiti."

Direban ya yi dariya. Dawuda bai yi ba.

Ya tarar da Malam Gawo yana ƙirga kwalaye. Tsohon ya dubi battar, ya dubi fuskar mai ita, ya ja shi ƙurya. Dawuda ya ajiye ta a kan tebur a hankali, hannayensa sun sage.

"Buɗe ka karanta mini."

"Me ka tambaya?"

"Matata. Za ta tashi?"

"Tana ina?"

"Asibiti, a Makka."

"Wa ke wurinta?"

"'Yata."

Malam Gawo ya ɗora tafinsa a kan murfin, bai ɗaga ba. Ya ce abin nan ba ya faɗin ranar kowa. Shi kansa bai taɓa tambayarsa fiye da in tafi ko in tsaya ba. Da ya ga Larabcin ya ƙare masa, sai ya nuna ƙofa da haɓa.

"Kai can. Ba nan ba. Tafi."

"Malam Gawo, don girman zumunci, tun daga Makka na riƙo ta."

"Tafi, Dawuda."

Tsohon bai taɓa kiran sunan Dawuda daidai ba sai ranar. Suna cikin haka wayar ta yi ƙara a aljihu. Haifa ce. Ba ta iya haɗa magana ba, "Abuya, abuya, ta'al," kawai take yi, wato baba ka zo.

Hanyar Makka ba ta taɓa yi masa tsawo haka ba. Sai da suka wuce shingen Shumaisi na shiga Makka ya lura battar na nan a hannunsa, har yanzu a daidaice.

Ya tarar an ja mata mayafi har ka. Haifa ce ta laƙƙana mata shahadar, uwar kuma ta amsa. Yarinyar ta ce kafin nan uwar ta farka sarai, ta waiwaya dama, ta waiwaya hagu, ta yi wata magana da Hausa. Haifa ta riƙe kalmomin kamar yadda ta ji su, ta maimaita masa da harshenta na 'yan Makka.

"Ta ce, ina mai surutun nan?"

"Sai me?"

"Sai ta yi dariya, abuya. Wallahi. Har haƙoranta."

Aka yi mata sallah a Harami bayan la'asar, aka kai ta maƙabartar Shara'i. Masu ta'aziyya suka cika gidan har matakala, kowa na satar kallon Dawuda, yana jiran ko da 'yar kalma guda irin tasa. Bai ce komai ba sai amin. Abin da ya yi na istigfari tsakaninsa da Ubangijinsa ne, ba wanda ya tambaye shi.

Yana nan Aziziyya har yau, tumbin ya saɓe, hular ta yi masa yawa. Yana sayar da carbi, in an taya ya sallama ko ya ce albarka, shi ke nan. Alhazan da suka san shi da can sukan tsokane shi, ya yi musu murmushi don kada su ji kunya.

Battar kuwa tana gida, a saman kabad ɗin Maryama, kusa da kwalbar turaren. In Haifa na shara, sai ta goge gefenta ba ta taɓa ta. Sau ɗaya ta tambaye shi, ko dai ya buɗe ko ya jefar, ajiyar ta mece ce?

Ya dubi kabad ɗin.

"In battar ta ce uwarki za ta tashi, ƙarya ta yi. In ta ce ba za ta tashi ba, to na bar uwarki na tafi Jidda neman abin da ke tafin hannuna." Ya gyara zaman hularsa. "Bar ta nan, ya binti. Kada dai ki girgiza ta."