Allin Silin

Na daɗe ina haya a wani tsohon gida a Anka, mai ɗakuna a jere da farin silin da ya fara lotsawa. Kullum na shigo zauren sai in ce a raina, wata rana gidan nan nawa ne. Malamin firamare ne ni, ina ta tari kaɗan-kaɗan. Kwatsam sai ga abokina na ƙuruciya, wanda ni nake raɗa wa amsa a aji, ya dawo daga ƙauyen Dareta da arzikin haƙar zinare ya saye gidan ɗungurungum. Na je na yi masa murna da baki, amma hassada na cina.

Bai daɗe da saye ba ya zo da wani ma'aikacin lafiya, suka ɗaga kai suna duba silin. Mutumin ya ce asbesto ne: in ya farfashe, ƙurarsa huhu take shiga ta zauna, sai bayan shekaru ta kayar da mutum. Ba a fasa shi, jiƙa shi ake yi a cire sukutum, kuma ba kowa a gidan. Abokina ya ce mu tashi na ɗan lokaci.

Na ce to, ga ta nan! Dabarar kora ce, ya gyara ya zuba masu hannu da shuni. Ni ina zan kai iyalina?

Na tare shi a tsakar gida. "Alhaji, silin da nake kwana ƙarƙashinsa tun kana wankin ƙasa a rafi kana neman zinare, yau shi ne guba? In fita kake so in yi, faɗi kai tsaye."

Idonsa na kan ƙaramar ɗiyata, tana durƙushe tana rubuta baƙaƙe a bango da gutsuren silin da ya faɗo daga kusurwar ɗakinmu. Mu dai alli muka ɗauke shi, yaran gidan duk da shi suke zane. Ya tsuguna ya karɓe daga hannunta, ya jawo buta ya shiga wanke mata yatsu, har ƙarƙashin farce.

Na san ya binne ɗiyarsa a Dareta shekarar da gubar dalma ta gurɓata ƙasar gidajen masu haƙar zinare, har gaisuwa na je. Amma tunda ya sayi gidan nan, zinaren kaɗai nake gani.

"Tawa ma da ƙasar tsakar gida take wasa," ya ce. "Malam, ku koma gidana har a gama. Ɗakinka na gidan nan kuwa, ba mai shigarsa sai kai."

Ruwan butar ya ƙare, bai saki hannunta ba. Kallon da yake yi mata na gane shi sarai, don da irinsa nake kallon gidan nan nasa.