Bargon Hamamatu Mai Hawa Huɗu

Hamamatu 'yar zangon Kumasi ce, tana gyaran ɗakuna a wani otal, kuma ba abin da ta tsana a Dubai kamar sanyin AC. Abokiyar zamanta a unguwar Al Qusais, Hajiya Sabuwa 'yar kasuwar Kano, ita kuwa ba ta barci sai ɗaki ya koma firji. Shi ya sa Hamamatu ta sayi ƙaramin keken ɗinki, ta rantse sai ta yi bargo mai hawa uku: ƙyallayen atamfa a sama, auduga a tsakiya, zanin gado a ƙasa.

Wahalar ita ce riƙe ukun nan kafin a kai su keke, don kowanne zamewa yake yi. Ta soka fil, fil ya soke ta. Ta fesa gam, silifas ɗin Hajiya ya manne da tayil, baiwar Allah ta ƙarasa kicin da takalmi ɗaya.

"Khalas, ya isa haka!" in ji Hamamatu. Ta shimfiɗa komai a kan kafet ɗin falo, ta ɗauki allura, ta bi shi da dogon ɗinki cikin fushi. Da ta ɗaga bargo, sai kafet ya biyo shi.

"'Yar nan, ki warware mana," in ji Hajiya.

"In warware? Ai hawa huɗu ya fi ɗumi, Hajiya!"

Har yau bargon nan bai ga keke ba. Tsakaninsa da kafet Hamamatu take cusa kanta ta yi barci, baƙi kuwa in sun yi sallama sai su tsallake ta.