Shukar Ranar Lahadi

A ƙauyenmu, arewa da Ollelewa, Kirista biyu ne kacal: yayana da amininsa. Tare suka tafi ci-rani kudu bayan yaƙin Turawa, tare suka dawo da sabon addini. Mu muna sallarmu, su kuma ranar Lahadi su shimfiɗa tabarma a gindin aduwa, su yi waƙa da addu'a, su ci tuwo a akushi ɗaya. Mutane suka yi surutu har suka gaji. Ba su da malami, ba su da ɗakin ibada, abin da kowa ya haddato daga kudu shi ne jarinsa. In ɗaya ya janye, jam'in ya watse ke nan.

Yaya mutum ne mai tsanani. Tun da ya dawo ya bar taba, ya bar rantsuwa, ko tsintuwa ba ya ɗauka. Kullum maganarsa ita ce wani manzon Almasihu ya koyar cewa wanda aka kira dole ya tsarkaka. Aminin kuwa sarkin fara'a ne, dariyarsa tana riga shi shiga gida. Shi ma yana da nasa manzon, wanda ya koyar cewa ceto kyauta ne, ba a sayensa da aiki. Nakan tsokane su in ce sun raba manzannin kamar gadon awaki.

Wata shekara ruwa ya makara. Da ya tashi zuwa, sai ya sauko ranar Asabar da la'asar, mai yawa. Wanda ya san rairayin ƙasarmu ta Damargu ya san danshi ba ya jiran kowa. Gari na wayewa duk ƙauye ya fita da sungumi da ƙwaryar iri. Na saɓa nawa, sai Yaya ya ce in ajiye. Gandu ɗaya muke, shi ne babba.

Na ce, "Yaya, ni fa ba ranar hutuna ba ce."

Ya ce, "Gonar ai tawa ce."

Ya je ya shimfiɗa tabarma yana jira. Amini bai zo ba sai da rana ta yi tsaka, ƙafafunsa duk jiƙaƙƙen rairayi, yana murmushi. Ya ce, "Ɗan'uwa, na shuka rabi. Mu yi addu'ar, sannan in kama maka taka."

Yaya ya dube shi daga sama har ƙasa. "Ranar Ubangiji ka sayar da ƙwaryar gero?"

"Haba ɗan'uwa! Shi ya aiko ruwan. Ba da kiyaye rana aka cece mu ba."

"To je ka bi manzonka, in bi nawa."

Yaya ya naɗe tabarmar a gabansa. Ranar tuwo ya huce a akushi.

Mun shuka Litinin, iska ta riga ta sha danshin. Tsiron ya fito jefi-jefi, muka yi ta maimai. Da kaka amini ya ɗoro damman gero a jakinsa ya aiko mana. Yaya ya ce a mayar, ba zai ci hatsin Lahadi ba. Wallahi ranar na ji haushinsa, don 'ya'yansa ne za su sha kunun da ba kauri. Amma abin da ya fi ci mini rai shi ne fuskar aminin da jakin ya koma. Ban ƙara jin dariyarsa a ƙauyen ba. Kafin wata daminar ya kwashe iyalinsa ya koma wajen dangin matarsa a Tarka.

An ɗauki shekaru Yaya yana zama shi kaɗai a gindin aduwa. Sai wani dattijo mai fataucin goro, Kirista daga kudu, ya sauka a gidanmu. Yaya ya zayyana masa labarin yana jiran a yaba masa. Dattijon ya girgiza kai. Ya ce manzon nan mai maganar kyauta, shi ne kuma ya fi kowa nanata a bar ƙazanta a yi zaman tsarki. Na Yaya kuwa, kafin ya ambaci tsarki sai da ya fara da jinƙan da aka yi wa mutane ba don aikinsu ba. Bakinsu ɗaya, dukansu. Ya ce, "Kai ka riƙe ƙarshen maganar, shi ya riƙe farkonta, kuka zauna kuna ja."

Da rani Yaya ya ce in raka shi Tarka.

Mun isa ana sallar azahar a filin bakin rijiya. Na yi alwala na shiga sahu, Yaya ya tsaya riƙe da jakuna. Da aka sallame na juya dama, sai ga aminin kusa da ni a sahu, ya yi furfura, ashe ya musulunta. Ni Musulmi ne, ya kamata in yi murna, kuma na yi. Amma da na hango yayana tsaye, sai zuciyata ta karye.

Aminin ya tarbe mu hannu bibbiyu, ya sa aka dama fura. Yaya ya kasa sha. Ya ce, "Ɗan'uwa, ashe manzannin ba su taɓa saɓawa ba. Mu ne."

Aminin ya daɗe yana juya ludayi. Ya ce, "Na sani a raina tun ranar. Kowace Lahadi nakan fita in dubi hanyar Ollelewa, har matata ta fara yi mini dariya. Ban iya riƙe addinin ni kaɗai ba, ɗan'uwa. Ga mutanen da suka riƙe ni."

Ya miƙa masa ludayin. "Sha, ka sha hanya."