Ranar da Kaka ta sare shingen bini da zugu

Har gobe idan na wuce mai suyar gyaɗa a bakin titi, ƙamshin yashi mai zafi ya bugi hancina, sai gabana ya faɗi. Kada ka yi dariya, mai karatu. Ba gyaɗar ce ta yi mini laifi ba.

A ƙauyenmu, can gefen Tsanyawa, gonaki a manne suke da juna, ba wani daji a tsakani. Abin da ya raba gonar bayan gidanmu da ta maƙwabci shi ne shingen bini da zugu, wanda kakanmu ya dasa da hannunsa shekarar da aka kawo Kaka gidan. Ya rasu tun ba a haife ni ba, shingen dai yana nan. Da damina ganyensa ya yi fato-fato, da rani ya kaɗe ya bar sanduna tsirara. Akuya ba ta ko shinshinarsa. Idan ɗayanmu ya yanke, Kaka ta karyo reshe ta ɗiga masa ruwan a ciwon, jini ya tsaya. Amma 'ya'yan, baƙaƙen nan masu kama da gyaɗa, su ne dokar farko da kowane yaro yake koya a gidan, kafin ma ya iya wanke hannu: ba a ci. Kaka ba ta duka, sai a kan wannan.

Ina aji uku a firamare wani malamin gona ya zo da dashe a cikin baƙaƙen ledoji. Ya ce masana ne suka samo wani irin bini da zugu daga ƙasa mai nisa, wanda ba shi da dafi, suka yi ta aurar da shi da mai yawan mai, suna zaɓe suna sake haɗawa, har suka fitar da wannan. Man za a tatsa a zuba wa injin niƙa da na ban ruwa, a ba dabbobi tunkuzar. Baba mutum ne mai son sabon abu. Ya karɓa, ya jera shi a cikin gonar, dab da tsohon shinge. Wallahi da suka girma ko ni ba na iya rarrabe su. Ganye ɗaya, 'ya'ya ɗaya.

Shekarar da suka fara 'ya'ya, bayan an yanke gero, malamin ya dawo. Aka taru a ƙofar gidanmu da hantsi. Ya sa aka kawo kasko da yashi, ya soya 'ya'yan sabon irin, ƙamshi ya cika wurin. Sai ya ɓare ɗaya ya jefa a baki.

Wata tsohuwa ta kama salati. Ni kuwa na kafe shi da ido, ina jiran ya dafe ciki ya faɗi. Ya tauna, ya haɗiye, ya yi murmushi, ya miƙa wa Baba. Baba ya ci. Ƙanena, ɗan shekara biyar, yana zaune a cinyarsa yana kallon bakinsa.

Kaka tana tsaye daga bakin zaure. Ta ce, "Malam, kama da wane ba ta wane. Yaro ya san wanne ne wanne?"

Malamin ya ce ai za a yi wa mutane bayani. Ba mugu ba ne, na tabbata har zuciyarsa alheri ya kawo mana.

Ba a rufa mako ba, ranar kasuwa, Inna ta aike ni in kira ƙanena ya sha koko. Na same shi a gindin tsohon shinge, kwance a gefe, ɓawon baƙaƙen 'ya'ya birjik a gabansa. Amai yake yi, zawo ya jiƙa wandonsa, idanunsa sun faɗa. Ya dube ni ya ce, "Yaya, gyaɗar Baba na ci."

Aka ɗora shi a babur za a kai shi asibiti, Inna ta rungume shi a tsakiya, kansa yana lilo. Aka bar ni da Kaka a gida, ba mu san ko zai dawo da rai ba.

Kaka ba ta yi kuka ba. Ta shiga ɗaki ta ɗaure ƙugu, ta fito da gatari. Na bi ta a baya, na san sabon dashen Baba ya shiga uku. Sai ta wuce shi. Ta tsaya a gaban shingen mijinta, ta ɗaga gatarin ta sara.

Na ce, "Kaka, ba shi ba ne! Wancan ne sabon."

Ta ce, "Na sani. An riga an ci a gaban yara, ba mai iya mayar da wannan. Wanda yake kisa shi zai tafi."

Ta sara har azahar, ruwan itacen yana fallatsa a zanenta, tafin hannunta ya yi bororo ya fashe. Matar da ta saba zagaya shingen nan kowace safiya tana gyara masa reshe, ga ta tana tumɓuke saiwarsa. Tsoro ya kama ni fiye da wanda na ji a kan ƙanena, don ban taɓa ganin babba ya rushe abin da yake so da hannunsa ba.

Ƙanena ya dawo bayan an yi masa ƙarin ruwa, ya rame, amma da ransa. Sabon irin kuwa, da rani ya yi awaki suka gane ba shi da dafi, suka cinye shi har ɓawo. Injin tatsar man da aka ce za a kawo bai zo ba. Gonar ta zauna fili, ba shinge, kuma kowace damina garmar maƙwabci takan ci kunya ɗaya ta shigo.

Yanzu ƙanena ne yake noma wurin, da 'ya'yansa uku. Ƙauyen ya koma katangar bulo da shingen waya, yaran yau ko sunan bini da zugu ba su sani ba. Bara da na je gida, muna tsaye a gonar yana nuna mini yadda ta tsuke, sai ya yi tsaki ya ce, "Allah ya ji ƙan Kaka, amma ta yi mana ɓarna. Ko me ya kai ta sare shinge?"

Na dube shi baki buɗe. Ashe bai tuna komai ba, kuma duk shekarun nan ba wanda ya gaya masa. Na ce, "Kai ne." Na ba shi labarin tun daga kasko har gatari.

Ya tsuguna a kan kunyar da ta zama ta maƙwabci, ya ɗaga hannuwa, ya daɗe yana yi mata addu'a.