Batirin Isyaku Mai Ɗigo Uku

Marigayi Isyaku mai gyaran batir, wanda muka yi shekara ashirin muna zama a bencin rumfarsa a Gyaɗi-Gyaɗi, bai taɓa yarda batir yana mutuwa ba. Cewa yake ritaya yake yi, kamar ma'aikacin gwamnati.

Da jan fenti yake tsarinsa. Batirin da ya gaji da tayar da mota, sai ya ɗiga masa ɗigo ɗaya ya ba mai cajin waya. In ya ƙara sanyi, ɗigo biyu, ya koma juya fankar wani tela a Unguwar Gano. Mai ɗigo uku rediyo kawai yake ɗauka. Daga nan dole ya dawo rumfa, Isyaku ya tsiyaye ruwansa a jarka, ya miƙa shi ga masu narka dalma. Ba ya yarda a fasa batir a unguwa, don ruwan mai ƙuna ne, kuma kwatar da zai bi ta ƙofar gidajen mutane take wucewa.

Batir ɗaya ne ya gagare shi, mai ɗigo uku da ya ba Inna Kulu mai ƙosai. Rediyonta ya daɗe da yin shiru, amma ta gano batirin ya yi mata daidai wajen zama gaban kasko.

"Inna, kin mai da ma'aikacina kujera," in ji Isyaku.

"Ba kai ka ce ya yi ritaya ba? Hutawa yake."

"A ƙarƙashinki? Wannan ai ƙarin aiki ne!"

Shekara biyu suna haka. Ya kai mata kujera 'yar tsuguno, ta ce ta yi gajarta. Ya kai wata, ta ce rawa take. Tsoronsa kada wata rana ta ba 'yan gwangwan masu sayen tsohon ƙarfe su fasa shi a bakin kwata. Har a gadon asibiti, bawan Allah, tambayarsa ke nan: "Inna ta sauka daga kan batirina?"

Washegarin sadakar uku sai ga Inna Kulu da baro, batirin naɗe a tsohon zani. Ta dubi Lawan, ƙanen Isyaku da ya gaji rumfar, ta ce, "Ina jarkar tasa?"

Tana tsaye har aka tsiyaye ruwan tas. Lawan ya tambaye ta a kan me za ta zauna yanzu.

"Kujerar farko da ya kawo," ta ce, tana share ido da bakin mayafi. "Dama lafiyarta ƙalau. Zuwan da yake yi mu yi faɗan nake so."

Allah ya jiƙan Isyaku, ya haskaka kabarinsa.